Tambaya da Amsa: Bindiga a Ɗaka, Damuwa a Zuci

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga jihar Damagaram, kuma dukansu a kan magana ɗaya mai nauyi, wato abin da ya kamata mai bindiga da iyalinsa su sani game da mutumin da damuwa ta kai shi ga tunanin kashe kansa. Mun sakaya sunayen masu wasiƙun kamar yadda muka saba, mun kuma taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon soja ne, na ajiye kaki ina zaune a unguwar Zango. Na ji a rediyo cewa wasu jihohin Amurka sun kafa dokar da ta ce a riƙa ilmantar da masu bindiga yadda za su tsare kansu da iyalinsu daga kashe kai. Maganar ba ta shige ni ba. Na riƙe bindiga tsawon aikina, kuma a ganina wanda ya ƙulla niyya babu takardar da za ta tare shi; in an ɗauke bindiga, zai nemi wata hanya. Wannan doka ba wahalar banza ba ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ra'ayin da ka kawo shi ne na mafi yawan mutane, kuma a kansa dukan maganar ta rataya, domin idan gaskiya ne cewa mai niyya ba ya fasawa, to dokar ba ta da amfani ko na dala ɗaya. Sai dai abin da masu bincike suka tara a ƙasashe dabam-dabam ya saɓa wa wannan ra'ayi.

Labarin bindiga da yake iso mana daga Amurka labarin harbe-harbe ne a makarantu da kantuna, amma ba nan ne aka fi asarar rayuka ba. A ƙididdigar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a shekarar 2021, kuma 26,328 daga cikinsu su ne suka kashe kansu, wato kashi 54 cikin ɗari. Mafi yawansu maza ne, da dama mazauna karkara ne, kuma a cikin tsofaffin sojojin ƙasar da suka kashe kansu, kimanin bakwai cikin goma da bindiga suka yi. Saboda haka wanda bindigar gida ta fi yi wa barazana a can ba ɓarawo ba ne, mai ita ne da kansa, ko ɗansa, ko matarsa.

Abin da ya raba bindiga da sauran abubuwa shi ne ba ta barin damar nadama. Idan aka haɗa dukan yunƙurin kashe kai da ake yi a Amurka, ƙasa da ɗaya cikin goma ne yake ƙarewa da mutuwa, amma idan bindiga ce a hannu, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Ga kuma batun lokaci, wanda shi ne amsar tambayarka kai tsaye. A wani bincike da aka yi a birnin Houston, an tambayi matasa da suka yi yunƙuri mai tsanani suka rayu tsawon lokacin da ya shiga tsakanin yanke shawara da aikatawa, kusan ɗaya cikin huɗu suka ce bai kai minti biyar ba. A wani binciken a ƙasar Ostiriya, kusan rabin waɗanda aka tambaya sun ce minti goma ne ko ƙasa da haka. Damuwar kanta tana iya daɗewa wata da watanni, amma ƙololuwarta gajeriya ce, kamar gobarar hunturu da take tashi da ƙarfi, in ba ta sami abin ci a kusa ba sai ta lafa. Kuma an bi sawun waɗanda suka yi yunƙuri suka tsira, an tarar kimanin tara cikin goma ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba.

Game da neman wata hanya, tarihi ya gwada maganar fiye da sau ɗaya. A Birtaniya, gas ɗin girkin da ake haɗawa daga kwal yana da guba, kuma a ƙarshen shekarun 1950 kusan rabin masu kashe kansu da shi suke yi. Da aka sauya shi da gas marar wannan guba, adadin masu kashe kansu a ƙasar gaba ɗaya ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku tsakanin farkon shekarun 1960 da tsakiyar shekarun 1970. Misalin da ya fi kusa da aikinka shi ne na rundunar sojan Isra'ila, wadda a shekarar 2006 ta hana sojoji tafiya gida da bindigoginsu a hutun ƙarshen mako, ta ce a bar su a bariki. Kashe kai a rundunar ya ragu da kimanin kashi 40 cikin ɗari, kuma ragin ya fito ne daga kwanakin hutun, na sauran kwanakin mako bai canja sosai ba. Ba a ce babu wanda yake neman wata hanya ba, akwai, kuma a nan kana da gaskiya. Amma da yawa ba sa nema, waɗanda suka nema kuma galibi sukan faɗa kan abin da ake iya ceto su daga gare shi.

Dalilin da ya sa aka bi ta hanyar ilmantarwa shi ne kundin tsarin mulkin Amurka, a gyaransa na biyu na shekarar 1791, ya kare haƙƙin mallakar makami, kuma duk dokar da ta yi kama da ƙwace bindiga takan haɗu da bango, musamman a jihohin karkara inda matsalar ta fi yawa. Aikin ma ba a majalisa ya fara ba, a kanti ya fara. A shekarar 2009, a jihar New Hampshire, mutum uku da ba su san juna ba suka sayi bindiga a kanti ɗaya cikin ƙasa da mako guda, kowannensu ya kashe kansa saʼoʼi kaɗan bayan saye. Abin ya girgiza mai kantin, ya zauna da ma'aikatan lafiya, suka shirya takardun da ake liƙawa a kantunan bindiga da bayanin alamun da mai sayarwa zai lura da su a jikin mai saye. A kan ƙa'idoji goma na riƙe bindiga da masu ita suka saba da su, suka ƙara ta goma sha ɗaya: idan wani a gidanka ya shiga mawuyacin hali, ka kai bindigar ajiya wani wuri har ya sami sauƙi.

Jihar Washinton ce ta mayar da wannan tunani doka mai faɗi. Wata malamar jami'a, Jennifer Stuber, wadda mijinta ya kashe kansa da bindiga a 2011, ta haɗa kai da ƴar majalisar jihar Tina Orwall. A 2012 suka sami dokar da ta wajabta wa masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa samun horo a kan gane mai wannan tunani, a 2016 kuma aka zartar da wata dokar da ta kafa kwamitin da ya haɗa masu sayar da bindiga, da ƙungiyoyin masu bindiga, da masu kantin magani, da tsofaffin sojoji, da iyalan da suka yi rashi. An ɗora wa kwamitin shirya horo ga masu sayar da bindiga da magani, da sabunta takardar gargaɗin da ake bai wa mai sayen bindiga, da shigar da batun cikin karatun maharba, da raba kayan kulle bindiga da magunguna a yankunan da abin ya fi tsanani. Jihar Utah, inda wani nazari na jami'ar Harvard ya nuna cewa kashi 85 cikin ɗari na mace-macen bindiga tsakanin 2006 da 2015 kashe kai ne, ta kafa dokarta tun 2014, ta buga ƙasidu, ta raba kwaɗon kulle bindiga kyauta, ta kuma rage wa mutane kuɗin sayen akwatin ƙarfe na ajiya. A cikin waɗannan dokoki babu wadda ta ɗauke bindigar kowa. Abin da suke nema shi ne a sanya tazara da lokaci tsakanin mutum da kunamar bindiga a ranar da hankalinsa ya fi tashi.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, kuma ina bibiyar yadda ake kafa dokoki a wasu ƙasashe. Ina da tambaya biyu. Yaya aka yi ƙungiyoyin masu bindiga na Amurka, waɗanda aka sani da ƙin duk wata doka, suka yarda da wannan? Kuma an tabbatar tana rage mace-mace, har da za a ce mu ma a Nijar mu kwaikwaya?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Sun yarda ne saboda an zo musu a matsayin masu ɗaki, waɗanda suka san inda yake musu yoyo, ba a matsayin masu laifi ba. Waɗanda suke mutuwa abokan cinikinsu ne, abokan farautarsu ne, ƴaƴansu ne. Babbar ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta goyi bayan dokar Washinton ta 2016, kuma a wannan shekarar ce ƙungiyar masu ƙera bindiga da sayar da ita, NSSF, ta ƙulla haɗin gwiwa da gidauniyar Amurka ta rigakafin kashe kai, AFSP. Akwai kuma lissafin siyasa a ciki, wanda bai kamata ɗalibin doka ya manta da shi ba: karɓar dokar ilmantarwa hanya ce ta nuna ana yin wani abu ba tare da an taɓa haƙƙin saye ba. Inda aka mayar da ilmantarwar tilas, rigima ta tashi. A 2022 gundumar Anne Arundel ta jihar Maryland ta wajabta wa kantunan bindiga bai wa kowane mai saye takardar gargaɗi, wasu masu kantuna suka kai ƙara cewa an tilasta musu faɗin abin da ba su yarda da shi ba, amma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bai wa gundumar gaskiya a watan Janairun 2024.

Bayan ilmantarwa akwai wasu dokoki da suke tafiya tare da ita. Akwai wadda take bai wa mutumin da ya san yana fama da ciwon damuwa damar sa sunansa da kansa cikin jerin waɗanda ba za a sayar wa bindiga ba. Washinton ta fara aiki da ita a 2019, Virginia da Utah suka biyo baya a 2021, ko da yake masu yin rajistar ba su da yawa. Akwai wadda Louisiana ta kafa a 2022 domin kare mai kantin da ya karɓi ajiyar bindiga daga ƙarar da za a iya kai shi bayan ya mayar da ita, domin tsoron shari'a yana cikin abin da yake hana karɓar ajiyar. Akwai kuma mai tsauri, wadda take bai wa alƙali ikon ɗauke bindigar mutum na ɗan lokaci idan an kawo hujjar cewa zai cuci kansa ko wani. Connecticut ce ta fara ta a 1999, Indiana ta bi a 2005, yanzu kuma kimanin jihohi ashirin suna da ita. Masu bincike na jami'ar Duke sun ƙiyasta cewa a Connecticut ana ceton rai ɗaya a kowane karo goma zuwa ashirin da aka yi amfani da dokar.

A kan tambayarka ta biyu, ra'ayina shi ne kada a zuzuta takarda. A New Hampshire, kimanin rabin kantuna ne aka tarar sun liƙa takardun da aka aika musu, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma liƙa takarda dabam, ceton rai dabam. Adadin masu kashe kansu da bindiga a Amurka bai sauka ba, a 2022 ma ya kai kimanin 27,000. Hujjar da ta fi ƙarfi tana tare da matakan da suke canja inda bindigar take kwana: ba da shawara tare da miƙa wa mutum kwaɗon a hannu ya fi shawara zalla sa mutane su kulle bindiga, dokar da take hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai kai hannu tana rage mutuwar matasa, kuma wani nazari na 2017 ya nuna cewa wajabta jiran ƴan kwanaki kafin a miƙa wa mai saye bindiga yana rage kashe kai da ita da kashi 7 zuwa 11 cikin ɗari. Wani abin lura daga New Hampshire shi ne kusan ɗaya cikin goma ne kawai na masu kashe kansu da bindiga suka saye ta a makon da abin ya faru. Galibi bindigar ta daɗe a gida, saboda haka wanda ya fi buƙatar ilmin ba mai kanti ba ne, iyali ne.

Kwaikwayo kai tsaye ba zai yiwu ba. Kowace jihar Amurka tana da majalisar da take yin dokokinta, mu kuwa dokar makamai ta ƙasa ce baki ɗaya, daga Yamai take fitowa, farar hula kuma ba ya riƙe bindiga bisa ƙa'ida sai da takardar izini. Ba mu da kantunan bindiga a bakin titi da za a liƙa wa takarda. Masu bindiga a wajenmu su ne sojoji da jandarmomi da ƴan sanda da ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji, sai maharba, sai ƴan bindigar fada da muke jin ƙararsu a hawan Salla, al'adar da ta daɗe a garin da Sarki Tanimu ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a ƙarni na 19. Ga kuma makaman da ba su da takarda, waɗanda suka ƙaru a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, waɗanda tattara su yake hannun hukumar CNCCAI da aka kafa tun 1994. Abin da za a iya ɗauka shi ne dabarar, wato a isar da saƙon ta bakin wanda masu bindiga suke jin maganarsa. A bariki, shugaban da ya ga yaronsa ya canja yana iya sa makaminsa ya kwana a ma'ajiya ba tare da an mayar da hakan horo ko abin kunya ba. A cikin maharba, sarkin maharba ya fi kowace takardar gwamnati isa. Wannan bai jira sabuwar doka ba.

Sannan in ana maganar abin da yake kwana a kusan kowane gida a nan, ba bindiga ba ce, maganin ƙwari na gona ne da na ɓera. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 suke kashe kansu a duniya kowace shekara, kimanin ɗaya cikin biyar ta hanyar maganin ƙwari, kuma a ƙiyasinta na 2019 yankin Afirka ne ya fi kowane yanki, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafiya guba daki-daki, adadin masu kashe kansu ya faɗo da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta an ceci rayuka 93,000, noma kuma bai lalace ba. Ƙasashenmu suna da kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari a ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san ana sayar da waɗanda ba a tantance ba, har a ɗura su cikin gorar da ba ta da suna. In kana neman batun da za ka rubuta kundin kammala karatu a kai, wannan ya fi na bindiga kusa da rayukan mutanenmu.

TAMBAYA: Ni limamin wani masallaci ne a Birni. Addini ya riga ya haramta kashe kai, kowane Musulmi ya sani. Ina tsoron yawan maganar ya zama tunatar da wanda bai yi tunani ba. Ba gara a yi shiru ba?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, tsoron nan yana da tushe ta fuska ɗaya. An tabbatar cewa yayata labarin wanda ya kashe kansa tare da bayanin yadda ya yi, kamar yadda ake yawo da hotuna a WhatsApp da Facebook, yana iya jan wasu masu rauni, kuma wannan ya cancanci a hana shi daga kan mumbari. Amma tambayar mutum cikin sirri da tausayi ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin. Bincike da dama sun nuna haka, kuma sau da yawa sauƙi take kawo masa. Malam ya fi ni sanin cewa ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta hana mu kashe kawunanmu da ambaton rahamar Allah ta ƙare, kuma ya fi ni sanin hadisan da suka hana nuna ɗan'uwa da makami, suka umurci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. Wato hattara da makami tana da asali a addini tun kafin wata majalisa ta zauna. Wanda ciwon damuwa ya kama ya san hukuncin, abin da ya rasa shi ne ganin mafita, kuma idan abin da yake ji a wa'azi tsoratarwa ce kaɗai, sai ya ƙara ɓoyewa. Huɗubar da za ta ce damuwa mai tsanani ciwo ne da yake da magani, kuma karɓar ajiyar makamin ɗan'uwa a lokacin ƙunci riƙon amana ne, za ta buɗe wa mutane da yawa baki.

TAMBAYA: Ina rubutowa daga wani ƙauye a yankin Mirya, ƙanena ne ya rubuta mini. Maigidana manomi ne kuma maharbi. Bana gero bai yi ba, ga bashi a kansa. Ya daina zama da abokansa, ba ya barci, abinci sai ya taɓa ya bari. Sau biyu ya ce mini da ba ya nan da mun huta. Kwanan baya ya ba da karen farautarsa kyauta, abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Bindigarsa tana rataye a ɗakinsa. Ina tsoron in faɗa wa danginsa ya ce na tona masa asiri. Me zan yi?

AMSA: Ƴar'uwa, Allah ya kawo sauƙi, ya saka miki da alheri da kika lura kuma ba ki yi shiru ba. Abubuwan da kika lissafa, musamman maganar cewa za ku huta da ba ya nan da kuma rabuwa da abin da yake ƙauna, alamu ne da likitoci suke ɗauka da matuƙar muhimmanci, kuma ba maganar jira zuwa ranar kasuwa ba ce. Ki sami mutum ɗaya yau, wanda maigidanki yake jin nauyinsa kuma ba mai yawo da zance ba ne, ko wansa, ko amininsa, ko sarkin maharban garinku, ki faɗa masa kalmomin da kika ji kamar yadda kika ji su, kada ki rage musu kaifi don kunya. Faɗa wa mutum ɗaya mai amana ba tonon asiri ba ne, kuma fushin da zai yi na ƴan kwanaki abu ne da za a iya gyarawa.

Bindigar ta bar gidan, amma ba ta hannunki ba. Kada ki yi kokawa da shi a kanta, kada kuma ki ɗauke ta a ɓoye ki kai wani lungu na gidan, domin zai iya ganowa kuma rigima ta tashi da makami a tsakani. Wanda kika faɗa wa shi ne zai zo ya nemi ajiyarta a fili, da lafazin da ba zai ƙasƙantar da shi ba, misali ya ce masa: “Ɗan'uwa, na ga kana cikin nauyi, bari in riƙe maka wannan har abin ya wuce, taka ce, ranar da ka warware za ka karɓa.” Gara mai ajiyar ya zama wanda ya saba da bindiga kuma aka san shi da riƙe ta, ya cire abin da aka ɗura mata, ya ajiye albarushi da harsashi a wani wuri dabam da ita. A rana guda kuma a fitar da ragowar maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin magani daga gidan, a kai inda ba ya da mabuɗi. In ya ƙi ba da bindigar, a sanar da maigari, in ta kama a nemi jandarma.

Kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan, musamman da dare da kuma lokacin da kowa ya fita. Ke ko amininsa ku tambaye shi a fili, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa, sannan ku saurara ba tare da faɗa ko gori ba. Kada a ce masa namiji ba ya haka, kada a ƙirga masa waɗanda suka fi shi talauci. A raka shi asibitin da ya fi kusa a gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da yake faɗi, ba ciwon kai da rashin barci kawai ba, a kuma nemi a tura shi babban asibitin ƙasa na Damagaram in hali ya nuna haka. Addu'a da sauka da sadaka su ci gaba, ba sa hana shan magani, maganin damuwa kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, don haka kada a yanke shi da wuri. Idan ya sha wani abu, kada a tsaya ba shi madara ko manja ko a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da gorar abin da ya sha.

Bashin ma a taɓa shi, tunda shi ne ya danne masa ƙirji: manyan dangi su zauna da mai bin bashin a nemi jinkiri ko a raba biyan. Game da mayar da bindigar kuwa, kada a yi gaggawa don an ga ya wayi gari da fara'a kwatsam, domin wani lokaci irin wannan natsuwa ta farat ɗaya tana zuwa ne bayan mutum ya gama yanke shawara. A bar ta a wurin ajiya har barcinsa da cin abincinsa su dawo, ya koma cikin abokansa na tsawon watanni, kuma ma'aikacin lafiyar da yake duba shi ya yarda cewa lokaci ya yi.